Yadda Ɗalibin Maraɗi Zai Shirya Kundin Ayyukansa Don Shiga Karatun Zane da Ƙira a Jami'a

Duk shekara idan sakamakon bak, jarrabawar kammala lise, ya fito, akan ga ɗalibai masu hannun zane sun tashi neman makarantar ƙira cikin gaggawa. Da an ce su kawo dosiyen ayyukansu, sai su kwaso hotunan ƴan ƙwallo da mawaƙan da suka kwafa daga waya. A nan da yawa ke faɗuwa, alhali hannunsu na da kyau. Malaman da ke tantancewa abu uku suke nema: ido mai lura, hannu mai auna abu daidai, da kan da zai ɗauki wata matsala ya bi ta har ya fitar da abin amfani. Kwafi ba ya nuna ko ɗaya daga ciki. Kundin da zai nuna su yana cin wata takwas zuwa tara, don haka tun farkon ajin ƙarshe na lise ake soma shi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Fara da sanin reshen da kake so da inda ake koyar da shi

Mai zanen hoto abin da ke ransa yake fitarwa. Mai ƙira kuwa wani yake yi wa aiki: wanda zai zauna kan kujerar, wadda za ta ɗaura atamfar, tsohon da zai karanta rubutun kwalin magani. Rassan da aka fi samu su ne zanen talla da ɗab'i, ƙirar yadi da tufafi, ginin tukwane da tangaram, ƙirar kayan amfani, da tsara cikin gida. Ka zaɓi ɗaya da kake so da ɗaya na ko-ta-kwana, domin kundin zai karkata ne wajen abin da ka zaɓa.

Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta nan Maraɗi ƙarfinta yana wajen noma, kimiyya, lafiya da fasahar injiniya. Wanda hankalinsa ke kan ƙirar kayan ƙarfe ko gini zai amfana da zanen injiniya da ake koyarwa a IUT ɗinta, wato cibiyarta ta koyar da fasaha. A Yamai, Jami'ar Abdu Mumuni tana da fannin fasaha da al'adu a tsangayar adabi, akwai kuma CMCAN mai koyar da aikin fata da sana'o'in hannu. A Lome akwai EAMAU, makarantar tsara gine-gine da birane ta haɗin gwiwar ƙasashen Afirka, Nijar na cikinsu; da kwankur ake shiga, kuma zane da lissafi na cikin abin da ake gwadawa. A Abijan akwai INSAAC, babbar makarantar fasaha da al'adu. Mafi kusa da mu a hanya, ta Ɗan Isa da Jibiya da Katsina, ita ce Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda ke da sashen ƙirar masana'antu mai rassan zanen talla, yadi da tangaram. Can da Ingilishi ake karatu, digirin farko shekara 4 ne, kuma ta hannun JAMB, hukumar jarrabawar shiga jami'a ta Nijeriya, ake bi. A makarantun da ke bin tsarin LMD, wato lisans, mastar da doktora, lisans shekara 3 ce, zango 6, kiredi 180; mastar ta ƙara shekara 2.

Kafin ka biya ko dala, musamman a makarantar kuɗi, ka tambayi abu biyu a rubuce: ko gwamnati da CAMES, majalisar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka, sun amince da takardar da take bayarwa, da kuma ko tana da ɗakin aiki na gaske. Makarantar da ke cewa tana koyar da tangaram ba ta da murhun gashi, ko ƙirar yadi ba teburin bugu, allo kawai za ka kalla har ka fita.

Akwai maganar da iyaye kan ɗaga, ta zana mai rai. Yawancin aikin ƙira bai rataya a kan wannan ba, amma kusan kowace makaranta tana da darasin zana jikin mutum a shekarar farko, don mai ƙirar riga ko kujera dole ya san gwargwadon jiki. A yi wannan magana a gida tun da wuri, kada ta taso bayan an biya kuɗin rajista.

Kayan aiki

Ba su da yawa. Fensir huɗu: 2H na layukan auna, HB na fara zane, 2B da 4B na inuwa. Farin magogi mai laushi, domin mai launi yana barin tabo. Rular ƙarfe ta santimita 30 ko 50, rula biyu masu kusurwa uku, ɗaya mai digiri 45, ɗaya mai 30 da 60, da kamfas. Wuƙar yankan kwali da gam. Fentin guwash, mai kauri da ake damawa da ruwa, kala biyar kawai: ja mai ɗaukar shunayya, rawaya, shuɗi, fari da baƙi, kuma farin ka sayi babba don shi ke fara ƙarewa. Buroshi uku, ƙarami da matsakaici masu tsini, da mai faɗi ɗaya.

Takarda iri biyu ce. Ta fotokwafi mai giram 80, A4, ita ce ta atisayen yau da kullum. Sayi rim guda mai ganye 500, ka sa a ranka za ka cinye shi. Ayyukan da za su shiga kundi kuwa a kan A3 ake yinsu, santimita 29.7 da 42, mai kauri giram 180 zuwa sama. Idan ka sa fenti a kan mai giram 80 za ta jiƙe ta yamutse. Sai littafin zane ƙarami mai shiga aljihu, wanda kowane shafi za ka sa masa kwanan wata.

Ajiya ma aiki ce a garin nan. Ƙurar hunturu tana goge fensir, laimar damina tana lanƙwasa takarda, gara kuma ba ta san aikin wata tara ba. Ka sa ayyukan a kwance tsakanin kwali biyu masu kauri, farar takarda tsakanin kowane biyu, a kan wani abu sama da ƙasa. Kada ka naɗe su kamar tabarma. Guwash yana tsagewa.

Wata uku na farko: horar da ido da hannu

Awa ɗaya kullum ta fi awa bakwai ranar Lahadi. Minti goma na farko layuka ne kawai: miƙaƙƙu ba da rula ba, da'ira, da kwantacciyar da'ira irin wadda bakin kofi ke yi idan ka hange shi daga gefe. Daga kafaɗa ake jan layi, wuyan hannu a sake. Mai ja da ƴan yatsu layinsa gutsi-gutsi yake fita kamar gashi, kuma malami yana gane wannan da kallo ɗaya.

Sauran minti hamsin ka ajiye abu na gaske a gabanka. Fara da masu kusurwa: kwalin sukari, bulo, benci. Sannan masu zagaye: buta, tulu, turmi, ƙwarya, kwanon sha. Daga baya ka haɗa uku ko huɗu, ka ƙara da abu mai wuya kamar keken ɗinki ko babur a jingine.

Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a nan ana taimaka masa da fensir. Miƙe hannunka sosai, rufe ido ɗaya, daidaita kan fensir da saman butar, ka sa babban yatsa inda gindinta ya tsaya. Wannan tsawon shi ne mudunka. Juya fensirin a kwance ka ga faɗinta ya kai rabi ko kashi biyu cikin uku. Idan gwiwar hannunka ta lanƙwashe tsakanin awo biyu, lissafin ya ɓaci, shi ya sa buta kan fito da ƙaton ciki da ɗan wuya.

Sai dokar nisa da kusa. Ja layi a kwance daidai tsayin idonka. Duk layukan da ke tafiya nesa da kai a jere, kamar gefen benci biyu, a kan wannan layin suke haɗuwa. Idan kana kallon abu ta fuska, mahaɗa ɗaya ce. Idan ta kusurwa, biyu ne, dama da hagu. Kuskuren da aka fi yi shi ne matso da mahaɗun biyu kusa da juna don su shiga takarda, sai akwati ya fito kamar an matse shi. Ka bar su su fita waje, ka liƙa wata takarda a gefe idan ta kama. Bakin tulu kuma, gwargwadon kusancinsa da layin ido gwargwadon siranta da'irarsa, kuma gefenta biyu ba sa yin tsini kamar ƙwayar ido. Gindin tulun da ke ƙasa da idonka ya fi bakinsa buɗewa, amma ɗalibai kan ja shi a miƙe kamar an yanke da wuƙa.

Inuwa sai gini ya tsaya daidai. Yi tsani mai gida biyar daga farin takarda zuwa baƙin 4B, ka ajiye shi gefe kana gwadawa. Haske ya fito ta gefe ɗaya, taga ko ƙofa. Tsakar gida da rana tsaka ba ta ba da inuwar kirki. Kada ka murza da yatsa, maiƙon hannu yana mayar da zanen toka-toka.

Littafin aljihu kuma na waje ne: tasha, babbar kasuwa, masu kabu-kabu a inuwa suna jiran fasinja. Minti biyu zuwa biyar kowane zane, ba gogewa. Tsayin babban mutum ya kai kansa bakwai da rabi, ka riƙe wannan. Ka nemi izini kafin ka zauna kana kallon mutum kana rubutu, kada a ɗauke ka wani abu daban.

Wata na huɗu da na biyar: launi, ado da rubutu

Darussan shekarar farko a yawancin makarantun ƙira sun samo asali ne daga Bauhaus, makarantar da Walter Gropius ya kafa a Jamus a 1919. Ɗaya daga malamanta, Johannes Itten, shi ne aka fi sani da da'irar launi mai gida 12, kuma ita za ka yi da hannunka daga kala uku kacal. Haɗa biyu-biyu ka fitar da ruwan lemo, kore da shunayya, sannan ka cike shidan da ke tsakani. Kullum mai duhu ake ɗiga wa mai haske kaɗan-kaɗan. Wanda ya zuba rawaya cikin shuɗi zai ƙarar da rawayarsa bai ga koren da yake so ba. Kaurin fentin ya zama kamar kindirmon da aka dama. Guwash yana sauya fuska idan ya bushe, mai duhu ya ɗan washe, mai haske ya ɗan dushe, don haka a gwada a gefen takarda a jira. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, fenti na bushewa a faranti kafin ka juya. Rufe shi da jiƙaƙƙen tsumma, kuma ka dama wanda zai isa gidan gaba ɗaya, don haɗi na biyu ba ya taɓa zama daidai da na farko.

Adon yadi mai maimaituwa yana da dabara mai sauƙi. Yanki takarda murabba'i, santimita 10 da 10. Zana adonka a tsakiya, kada ya taɓa gefe. Raba ta biyu a tsaye, musanya dama da hagu, liƙe ta baya. Raba ta kuma a kwance, musanya sama da ƙasa, liƙe. Yanzu adon ya koma kusurwoyi huɗu, tsakiya ta zama fili, cike ta. Yi fotokwafi tara ka jera uku-uku. Idan yankan ya karkace ko da milimita ɗaya, layin haɗi zai fito fili.

Inda za ka samo adon, nan ne ɗan Maraɗi ya fi wasu gata: aska takwas da tambarin babbar riga, zanen ƙwarya, saƙar faifai da tabarma, adon bangon gidajen Birni a Damagaram, tukwanen Mirya. Tun 1958 ɗaliban zane a Zariya, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiya a kan cewa a haɗa abin da aka koya a aji da abin da aka gada a gida. Amma gado ba liƙe ba ne. Ɗaukar dagi a manna shi a kan komai, daga tambarin shago har kofin shayi, ragwanci ne, kuma an gaji da ganinsa. Zana ainihin adon yadda yake, ka gano ƙa'idarsa, wato inda yake maimaituwa da inda layi ke bi ta ƙarƙashin ɗan'uwansa, sannan ka gina naka a kan ƙa'idar. Ka nuna matakan uku a shafi ɗaya.

Ka yi kuma sanarwa ɗaya ta bango da Hausa, A3, misali ta wanke hannu ko ta ranar kasuwa. Iri biyu na haruffa sun isa, girma uku: kanu, bayani, ƙarin bayani. Liƙa ta a bango ka ja baya taku biyar. Abin da bai karantu ba a gyara. A kwamfuta akwai tarko: haruffa da yawa ba su da ƙ, ɗ, ɓ da ƴ, sai kwamfuta ta aro su daga wani iri, su fito sirara a tsakiyar kalma, ko ta sa ɗan akwati a gurbinsu. Noto Sans, Charis SIL da Andika duk suna da su, kuma kyauta ne. Manhajoji ma ba sai ka sayi na Adobe ba tukuna; Inkscape na tambari, GIMP ko Krita na hoto, Scribus na jera shafuka, duk kyauta. Idan za ka kai gidan ɗab'i, ka mayar da launi daga RGB, tsarin launin allo, zuwa CMYK, na injin bugu, in ba haka ba shuɗin da ke ƙyalli a allo zai fito a mace. Ka bar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda yanka, rubutu ya nisanci baki da milimita 5, kuma ka mayar da haruffa su zama zane kafin ka ba da fayil ɗin, don kwamfutarsu ba lalle tana da irin naka ba.

Wata na shida zuwa na takwas: aiki ɗaya cikakke

Wannan shi ne zuciyar kundin, shi zai ci shafi biyar ko shida. Misalin da ya dace da garinmu shi ne jakar takardu ta fatar jar akuyar Maraɗi, wadda aka san ingancin fatarta har ƙasashen waje. Mai son wani reshe ya bi matakan nan da kujera, tukunya ko riga.

Rubuta matsalar da jimla ɗaya: ɗalibi ko ma'aikacin da ke hawa babur yana bukatar jakar da za ta ɗauki takardun A4 ba su lanƙwashe ba, ƙura ba ta shiga ba, hannunsa biyu a sake. Sannan ka tambayi mutum biyar masu irin wannan bukata, ka duba jakunkunan da suke riƙe da su, ka zana inda kowace ta fara mutuwa. Za ka tarar kusan kullum wuri biyu ne: inda maɗauri ya haɗu da jiki, da zif. Wannan binciken ya shiga kundi da rubutun hannunka.

Zana siffa 20 ƙanana, kowace kamar kwalin ashana biyu, cikin zama ɗaya ko biyu. Goman farko abin da ka saba gani ne, sababbin tunani daga baya suke zuwa. Zaɓi uku ka girmama su, zaɓi ɗaya ka rubuta dalili.

Sai awo. Takardar A4 santimita 21 ce da 29.7, amma cikin fayil take tafiya, don haka cikin jakar ya zama faɗi 34, tsayi 25, kauri 6. Zana ta ta gaba, ta gefe da ta sama a ma'aunin 1:2, wato rabin ainihin girmanta, da lambobin awo a jiki. Ƙara rabin santimita a duk gefen da za a ɗinka: gaba ya zama 35 da 25.5, baya haɗe da marfi 35 da kusan 49, wato 25 na baya, 6 na kauri, 18 na marfin da zai sauko, gefe kuwa faɗi 7, tsawo 84. Kafin ka taɓa fata, yi ta da kwalin siminti ko takarda mai kauri a ainihin girmanta, ka haɗa da gam, ka sa takardu, ka rataya, ka hau babur. A nan za ka gane marfi ya gaza ko kusurwa tana sukar haƙarƙari. Gyara a kwali kyauta ne. Ɗauki hoton kowane gwaji, har wanda ya lalace.

Yanzu ka je wajen dukawa, kuma ka je da ladabi, gara ta hannun wani babba da ya san su. "Baba, makaranta nake nema, so nake in koyi yadda ake yankan wannan, in kun yarda in zauna kusa da ku." Abin da baduku zai nuna maka cikin yini uku, littafi ba zai ba ka ba. Fatar da majema suka jeme da bagaruwa ita ake so. Ɗaga ta ga rana ka duba huji da tabon ƙaya. Ja ta ta ɓangare biyu: ta bin gadon baya ba ta miƙewa sosai, ta wajen ciki kuwa tana saki kamar roba. Don haka gaba da baya daga tsakiyar fata ake fitar da su, gefen ciki a bar wa aljihu da shafi. Fata biyu za ka bukata, kuma ka saye su tare, don rini ba ya zuwa ɗaya. Gefen nan mai tsawo 84 da wuya ya fita a fatar akuya guda, sai a yanka shi gida uku, haɗin ya faɗo a kusurwa, ba a tsakiyar gindi inda nauyi ke sauka ba. Maɗauri mai tsawon santimita 120 da faɗin 3 kuwa fatar akuya ba ta kai ba, kuma kaurinta bai fi milimita ɗaya ba. A yi shi da fatar sa, ko a naɗe ɗamarar zare mai ƙarfi da fatar akuya. Inda ya haɗu da jaka a sa wata fata ta ciki, a ɗinka murabba'i da giciye a tsakiya. Tazarar ɗinki milimita 3 zuwa 4. Idan hujin ya matsu fiye da haka, fatar za ta yage ta bin layin kamar takardar rasit. Zare ya ninka tsawon ɗinkin sau huɗu, a goga masa kaki.

Gwaji biyu suka rage. Sa gorar ruwa biyu masu lita ɗaya da rabi, kilo 3 ke nan, ka rataye jakar kwana ɗaya, ka auna maɗaurin kafin da bayan. Sannan ka jiƙa farin ƙyalle ka goga sau goma a jikinta. Jan karan dafi da baƙin kuloko suna iya zuba idan ba su kama da kyau ba, kuma jakar da ta ɓata wa mutum farar shadda ranar Juma'a ta gama yawo. Duk abin da gwajin ya nuna ka rubuta shi yadda yake, da gyaran da za ka yi nan gaba. Idan baduku ne ya yi ɗinkin, ka rubuta cewa ƙira da yanka naka ne, ɗinki nasa. Masu tantancewa sun san ɗinkin shekara talatin idan sun gani.

Wata na tara: hoto da jerawa

Shafi 15 zuwa 20 sun isa: shida na zanen abin da ido ya gani, uku na launi da ado, biyu na rubutu, biyar ko shida na cikakken aikin, biyu daga littafin aljihu. Mafi kyau a farko, mai bi masa a ƙarshe. Duk wanda kake shakka a kansa, cire shi.

Hoto da safe ake ɗauka, wajen ƙarfe tara, a inuwar bango, ba filashi. Goge idon kyamarar waya. Liƙa aikin a bango, wayar ta fuskance shi daidai tsakiya. Idan ta karkata, murabba'i zai fito da kai ƙarami. Kada ka matso, ja baya ka kusanto da hoton ninki biyu, don matsowa tana kumbura layuka. Jaka da sauran abubuwa a ɗora su kan farin kwali babba da aka lanƙwasa daga bango zuwa ƙasa. Abin da bai wuce A4 ba gara a yi masa sikan a 300 dpi. Kada ka tura hotunan ta WhatsApp a matsayin hoto, yana matse su. Tura su a matsayin fayil. Ƙarƙashin kowane aiki layi ɗaya: suna, shekara, kayan da aka yi da su, girma. Fitar da PDF, ka duba iyakar nauyin da makarantar ta gindaya, ka buɗe shi a wata wayar ka tabbata ƙ da ɗ ba su zama akwati ba. Ainihin ayyukan kuma ka tafi da su, ana iya cewa a gani.

Takardun hukuma a haɗa su tun kafin bak: takardar haihuwa, ta zama ɗan ƙasa, hotuna, sannan sakamakon bak da shaidarsa idan sun fito, kowace da kwafi uku ko huɗu masu hatimin tabbatarwa. Duba rubutun sunanka harafi-harafi. Mahamadou a wata takarda, Mamadou a wata, ya isa ya tsayar da dosiye. Neman burs ta ANAB, hukumar tallafin karatu, ake bi, kuma tana da lokacinta. Mai nufin Zariya ya tanadi fassarar takardunsa zuwa Ingilishi, ya kuma nemi ofishin shiga ya faɗa masa a rubuce matsayin da za a ba bak ɗinsa.

Ranar gwaji

Idan an ba da awa uku, minti goma na farko na karanta tambaya ne sau biyu da yin ƴan zane uku a takardar gwaji don zaɓen inda komai zai zauna. Minti 45 na gini da HB, da sauƙin hannu, ana aunawa. Tashi ka ja baya ka duba kafin ka sa inuwa, domin bayan 4B ta hau gyara ya yi wuya. Awa ɗaya da rabi na inuwa ko launi, ana tafiyar da takardar gaba ɗaya tare. Wanda ya tsaya yana ƙawata murfin buta zai ji an ce a ajiye fensir rabin takardarsa fari. Abin da ya rage na ƙarfafa wuraren duhu ne da share gefe. Tafi da fensir biyu-biyu a feƙe, da ƙyallen da za ka sa ƙarƙashin hannu saboda gumi.

Inda ake ganawa da malamai, za su buɗe shafi ɗaya su ce me ya sa. Me ya sa marfi 18 ba 12 ba, me ya sa maɗaurin fatar sa. Amsar tana cikin gwajin kwalin da ka yi: a 12 iska tana ɗaga marfin a kan babur, ƙura ta shiga. Buɗe musu hoton wanda ya lalace ɗin, ka nuna da yatsa.